Gudu Tsakanin Tudu da Kwari

A wurinmu in aka ga babban mutum yana gudu da sassafe, abin da za a fara ce masa shi ne, "Lafiya?" In ya ce lafiya ƙalau, sai a waiwaya a duba ko kare ne ya biyo shi. Mun ɗauka gudu na yara ne, da ɓarawo, da wanda mota za ta bari a tasha. Amma akwai wurare a nan Afirka inda gudu ya biya wa ƙanne kuɗin makaranta, ya sayi gona da shanu, ya sa aka san sunan ƙauye har ƙasashen Turai. Ba kuwa a babban filin wasa na birni aka koye shi ba. A hanyoyin ƙauye ne masu hawa da gangara, irin waɗanda 'ya'yanmu suke bi kowace safiya da tulu ko da jakar littattafai. A kan waɗannan hanyoyi muke so mu yi magana da iyaye da malamai a wannan wata.

Bari mu fara da wani gari a ƙasar Kenya mai suna Iten. Ba babban birni ba ne. Yana da nisan kilomita 30 da ɗoriya daga Eldoret, a bakin wani babban gangare da ke kallon kwarin Kerio. Tsayinsa daga bakin teku ya kai mita 2,400, watau kusan biyun tsayin Jos ke nan. Wanda ya tsaya a bakin gangaren yakan hangi kwarin can ƙasa, zurfinsa ya fi mita 1,000. Amma ta bayan gari ƙasar ba ta da tsauri haka. Tuddai ne marasa tsayi, wani na bin wani, ga gonakin masara, ga shanun madara, ga itatuwan turare, ga hanyoyin jar ƙasa sun ratsa ko'ina. Mutum bai gama gangara wannan ba sai ya tarar da hawan wancan. Tun kafin gari ya waye sosai hanyoyin nan sukan cika da samari da 'yan mata, ƙungiya ƙungiya, ba hayaniya, ba ka jin kome sai ƙarar sawu da haki.

Suna da tsarinsu na mako. Ran Talata yawanci sukan je fili su yi gudu mai sauri, suna auna lokaci da agogo. Ran Alhamis sukan taru a bakin hanya, wani lokaci su fi mutum ɗari, su yi wani irin gudu da mutanen Suwidin suka ƙirƙiro wajen shekarun 1930, wanda ma'anar sunansa ita ce wasa da sauri. Ana sheƙawa minti ɗaya ko biyu, a sassauta minti ɗaya, a sāke sheƙawa, haka har kusan awa guda, duk inda lokacin ya riske ka, ko kan hawa ko kan gangara. Ran Asabar sai dogon gudu, kilomita 30 ko fiye ga masu shirin gudun famfalaki. Ran Lahadi da yawansu sukan huta su tafi sujada. Sauran kwanaki kuwa gudu ne mai sauƙi, kuma abin da yakan ba baƙi mamaki shi ne yadda zakarun duniya suke fara shi a hankali ƙwarai, kamar tsoho mai bin jaki, sai jiki ya ɗumama kāna su ƙara. Akwai kuma wata hanya da suke girmamawa, wadda ta taso daga wurin haƙar ma'adini a ƙasan kwarin Kerio ta hau har saman dutse, kimanin kilomita 21, hawa kusan ba yankewa. Ba kullum ake binta ba. Akan je ta loto loto a gwada ƙarfi.

To, yaya aka yi ƙaramin gari ya zama haka? A nan ne maganar ta shafe mu malamai. Akwai makarantar sakandare ta samari a garin, ta mishan ɗin Katolika, sunanta St. Patrick, an buɗe ta a 1961. A 1976 wani ɗan ƙasar Ailan mai suna Colm O'Connell ya zo domin ya koyar da labarin ƙasa. Bai taɓa horar da mai gudu ba. Yana taimakon malamin wasanni ne, yana kallo, yana tambayar yaran, har aikin ya koma hannunsa. Daga makarantar nan Ibrahim Hussein ya fito, wanda ya ci gudun famfalaki na Boston a 1988, ɗan Afirka na fari da ya yi haka. Daga nan Peter Rono ya fito, wanda ya ci zinariya a gudun mita 1,500 a wasannin Olamfik na 1988, da Matthew Birir mai zinariyar gudun tsallake shinge na mita 3,000 a 1992. David Rudisha ba ɗalibin makarantar ba ne, amma malamin nan ne ya horar da shi, shi ne kuwa ya yi mita 800 cikin minti 1 da sakan 40.91 a Landan a 2012. Makarantar tana da al'ada mai kyau: in ɗanta ya yi babbar nasara sai a dasa itace da sunansa a harabarta.

A ƙasar Habasha ma labarin kusan ɗaya ne. Garin Bekoji yana kan tsayin mita 2,800, ƙasar noman alkama da sha'ir. Wani malamin wasanni, Sentayehu Eshetu, shi ya yi ta tara yara da asuba yana sa su gudu a cikin kurmin itatuwan turare da kan gangaren ciyawa. Daga hannunsa Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci mita 10,000 a Basalona a 1992, baƙar mace ta fari daga Afirka da ta ci zinariyar Olamfik. Bayanta ga Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Haile Gebrselassie kuwa, ɗan yankin Asella, kilomita 10 yake gudu zuwa makaranta, ya sāke gudu ya komo, har ya girma hannunsa na hagu yana ɗan lanƙwashe in yana tsere, kamar har yanzu littattafai na ƙarƙashin hamatarsa.

Ku lura, a wuraren nan biyu ba gwamnati ce ta fara ba, ba kuma mai kuɗi ba. Malamin makaranta ne, da yara, da hanyar da ke bayan makaranta.

Me ke cikin tudu da kwari da ba shi cikin shimfiɗaɗɗen fili? Wanda yake zagaya filin ƙwallo, tsoka iri ɗaya yake mora, da taki iri ɗaya, har ya gaji da ganin turakun raga. A kan hawa kuwa dole mutum ya ɗaga nauyin jikinsa a kowane taki, sai cinya da sha-raɓa su yi ƙarfi, zuciya ta yi ta bugu da sauri ko da ƙafa ba ta sauri. Watau yaro yana samun amfanin gudu mai tsanani ba tare da ya yi ta dukan ƙasa da ƙarfi ba. In ya kai bisa, gangara ta ba shi damar mayar da numfashi, kāna wani hawan ya zo. Ƙasar da kanta take tsara masa aiki da hutu, ba sai malam ya busa usur ba. Jar ƙasa kuma ta fi kwalta taushi a ƙafa, da yake kuma ba sumul take ba, idon sawu yakan koyi riƙe kansa.

Gangara ita ce mai yaudara. Yaro yakan ga ta zo da sauƙi ya saki jiki, ya miƙa ƙafa can gaba yana dira a kan dunduniya. A lokacin nan cinyarsa aikin birki take yi, tana miƙewa tana kuma riƙewa a lokaci guda, shi ya sa ciwon ba ya zuwa ran nan sai kashegari ko jibi, ka ga yaro yana sauka daga matakala kamar mai shekara saba'in. Abin da ya kamata a koya masa shi ne ya gajarta taki, ya yawaita shi, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashin jiki. A kan hawa ma haka ne: gajeren taki, hannu yana aiki, ido yana kallon 'yan takun da ke gaba, kada ya dunƙule kamar mai ɗauke da buhu. Kada kuma ya yi ƙoƙarin riƙe saurin da ya zo da shi daga fili. Ƙoƙarinsa zai daidaita, sauri kuwa ya bar wa hanya. Kowa ya sani lokacin da hawa ya ci, gangara ba ta mayar da shi duka, saboda haka ba daidai ba ne a gwada lokacin yaron kan tudu da na yaron fili a ce wancan ya fi.

Sai maganar iska, wadda mutane suke yawan faɗa ba tare da sun auna ba. Iskar kan dutse ba wata iri dabam ba ce. Kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, kamar ta Legas. Amma ba ta da nauyi kamar ta bakin teku, saboda haka kowane numfashi yakan kawo kaɗan. A tsayin Iten, abin da ke shiga huhu kimanin kashi uku ne cikin huɗu na abin da mai zama bakin teku yake samu. In mutum ya yi makonni a can, ƙoda takan aika da saƙo ga ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu dakon oksijin. Ran da ya sauko ƙasa ya yi tsere sai ya ga numfashi ya wadace shi. Masana sukan nemi wannan amfani ne daga wajen mita 1,800 zuwa 2,500.

A nan sai mu faɗi gaskiya a kan namu. Jos tana wajen mita 1,200 ne, Pankshin ta ɗan fi haka, ƙwanƙolin duwatsun Shere ne kaɗai yake kusantar mita 1,800. Tsaunin Mambila ya fi Filato tsayi, amma shi ma bai kai Iten ba. Saboda haka masu cewa Filato daidai take da Kenya sun zarce. Abin da muke da shi shi ne sanyin safiya, da tuddai marasa iyaka, da hanyoyin marmara, da yara waɗanda suka saba da tafiyar ƙafa tun suna ƙanana. Wannan kuwa ba ƙaramin jari ba ne. Tun da aka fara gudun famfalaki na Legas na yanzu a 2016, 'yan Kenya da Habasha ne suke kwashe manyan kyaututtuka, haka kuma a tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo da aka fara a 2013, haka aka yi a tseren hawan dutsen Obudu da aka fara a 2005. Amma in aka zo kiran 'yan Nijeriya da suka fara isowa, sau da yawa sai ka ji sunayen gidajen Filato, su Pam da su Gyang. Yawancinsu ba su sami horon kirki tun suna yara ba, ba su da mai dubansu in sun ji rauni. A 1990 Abbas Mohammed ya yi gudun famfalaki cikin awa 2 da minti 16, abin yabo ne ƙwarai a wurinmu. Amma Abebe Bikila na Habasha ya riga ya yi shi cikin awa 2 da minti 15 tun 1960 a birnin Roma, ba ko takalmi a ƙafarsa. Tazarar ke nan, kuma a makarantun firamare da sakandare take farawa.

Manya a cikinmu suna tune da zamanin da gudun ratsa daji yake cikin tsarin kowace makarantar kwana. Akan fita da yamma gida gida, a bi ta bayan gonar makaranta, a ƙetare rafi, a zagayo dutse, a komo. A makarantu da dama yanzu abin ya mutu. Wasu an gine filinsu, wasu darasin ƙari ya cinye la'asar. Inda gudu ya ragu kuwa, ya zama bulala: yaro ya makara, a ce ya zagaya fili sau biyar da tsakar rana. Muna roƙon 'yan'uwanmu malamai su bar wannan. Yaron da aka hora da gudu ba zai ƙara yinsa don kansa ba, ran da aka ce a fito tsere shi ne zai fara ɓuya a bayan aji.

Wanda yake so ya farfaɗo da shi, a makaranta ko a ƙungiyar matasa ko a gidansa, aikinsa na fari shi ne zaɓen hanya, kuma da ƙafa ake zaɓenta, ba daga kan babur ba. Wannan bai tsaya ga Filato kaɗai ba, gama irin ƙasar nan tana nan a Kagoro da Zonkwa, da Biu, da Billiri da Kaltungo, da Zuru, da Michika. A nemi hanya mai zobe, wadda za ta fita ta nan ta komo ta can, ta fi wadda za a je a juyo, domin mai juyowa yakan sha ruɗu ya juya tun bai kai ba. In da hali a yi zobe biyu masu haɗuwa a ƙofar makaranta, yadda kowane yaro zai wuce gaban malam a tsakiyar gudu a ƙidaya shi, a dubi fuskarsa. Farkon hanya ya zama fili ko hawa mai sauƙi domin jiki ya ɗumama. Babban hawan ya zo a tsakiya. Kada a ƙare da gangara mai tsanani, gama a nan ne ƙafa ta gaji, ga kuma kishin tsere, a nan ake samun targaɗe da fasa gwiwa. Hawan da ya fi amfani shi ne wanda yaro zai iya gudu a kansa har bisa. Wanda sai an dafa gwiwa an rarrafa, na awaki ne.

Auna nisa ba wuya. Masu wayar zamani tana nuna musu nisa har da yawan hawa. Wanda ba shi da ita, keke ya isa. A ɗaura ƙyalle a jikin taya, a tura keken taya ta juya sau ɗaya, a auna da tef. Babban keke irin na dā yakan ba da wajen mita 2.2, watau juyi 450 da 'yan kai ya zama kilomita guda. A sa 'yan aji shida su yi wannan aiki da kansu, su zana taswirar hanyar, su sa rafi da kuka da kwalbati a inda suke. Sun yi lissafi, sun yi labarin ƙasa, ba su ma sani ba.

Kada a yi zari a kan nisa. A gasar duniya ta gudun ratsa daji, samari 'yan ƙasa da shekara 20 kilomita 8 suke yi, 'yan mata 6, manya kuwa 10. In zaɓaɓɓun duniya ke nan, ɗan firamare kilomita ɗaya zuwa biyu sun ishe shi, ɗan ƙaramar sakandare uku ko huɗu, manyan ɗalibai biyar ko shida bayan sun yi makonni suna sabawa. A fara da haɗa gudu da tafiya, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, kwana uku a mako. Ma'auni mai sauƙi shi ne, a yawancin kwanaki yaro ya iya magana da na kusa da shi yana gudu. In magana ta gagara, sauri ya yi yawa.

Yanzu ga abin da ya sa iyaye suke jin tsoro, tsoronsu kuwa yana da dalili. Kwalta a ƙasa mai tuddai ta fi ta fili hatsari. Direban da yake hawowa ba ya ganin abin da ke bayan tudu sai ya kai bisa, mai gangarowa da kaya kuwa ba kullum birki yake yi masa biyayya ba, duk wanda ya san Hawan Kibo ya san haka. Kelvin Kiptum, wanda ya yi gudun famfalaki cikin awa 2 da sakan 35 a Chicago a 2023, hatsarin mota ne ya kashe shi a watan Fabrairu 2024 a kan hanyar yankinsu, yana da shekara 24. A cikin mota yake, ba gudu yake yi ba, amma hanyar tudu ba ta san zakara ba. Hanyar yara kada ta bi kwalta, kada ta ƙetare ta. Babban da ya zama masa dole ya bi gefen titi, ya tuna tun 1972 motoci a Nijeriya hannun dama suke bi, saboda haka shi ya riƙe hagu yana fuskantar mai zuwa, ya sa riga mai haske, kada ya toshe kunnensa da waƙa.

A Filato akwai wani hatsarin da babu a wasu wurare, watau kududdufai da ramukan da haƙar kuza ta bari. Ruwansu yana da zurfi, bakinsu a tsaye yake, yaron da ya yi zufa kuwa ba abin da yake so kamar ya faɗa ruwa. Wasu ramukan ciyawa ta rufe su. Hanya ta yi nesa da su. Da damina rafin da aka ƙetare da safe ruwa iya idon sawu yakan cika ya tumbatsa cikin awa guda in an yi ruwa a bisa dutse, ko da a nan ɗigo bai sauka ba. In hadari ya haɗu ana walƙiya a fasa fita, gama a kan tudu mutum shi ne abu mafi tsayi. A ƙasashen gindin dutse masu zafi, irin su Langtang da Kaltungo, kububuwa tana da yawa, a bi hanyar da aka share, kada a yanke ta cikin ciyawa. Shingen ƙyarana ma a yi hankali da shi, ruwansa in ya shiga ido ba daɗi.

Hanyar ƙauye kuma tana da masu ita. Turbar da ta bi tsakanin gonar acca da ta dankali, in yara arba'in suka bi ta da damina suna rige rige, sai ta faɗaɗa ta ci kunya biyu, mai gona kuwa ba zai yi dariya ba. Burtali na shanu ne, in garke yana tafe a tsaya a ba shi hanya. Kafin a fara a je a gai da mai unguwa a gaya masa, a gaya wa masu gonaki da makiyayan da ke kusa ranaku da lokaci. Mun kuma san halin da wasu yankunanmu suke ciki na rashin kwanciyar hankali. Inda abin yake haka, kada a fita da duhu, kada a yi nisa da gidaje, kada kowa ya fita shi kaɗai. In dattawan gari suka ce a dakata, a dakata, a yi ta zagaya tudun da ke cikin harabar makaranta har lokaci ya gyaru.

Yaron da yake da zazzaɓi ba ya gudu, ko shi ne gwanin makaranta, ko ran gasa ce. Mai ciwon sikila da mai asma sai da shawarar likita. Uba ko uwa da suka wuce arba'in suna so su fara, su je a auna musu jini tukuna, su fara da tafiya mai sauri. Lokacin gudu shi ne sassafe ko bayan la'asar. In aka ga yaro yana tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa nan da nan, a yi ta kwara masa ruwa ana yi masa fifita, a nemi asibiti. Wannan ba ragwanci ba ne, yana iya kisa.

Takalmi ba ya hana farawa. Faith Kipyegon ta Kenya ba takalmi ta ci gasar duniya ta matasa ta gudun ratsa daji a 2011. Amma hanyarmu tana da ƙaya da tsakuwa da fasassun kwalabe, saboda haka kambas na gwanjo wanda ya zauna daidai a ƙafa, da ɗan sarari a gaban babban yatsa, ya wadatar. Bikila ma da ya sami takalmi ya sa, ya sāke ci a Tokyo a 1964, ya kuma fi sauri. Abinci kuwa, zakarun Iten tuwon masara suke ci da ganye da wake, su sha shayi da madara. Ba abin da suka fi gwatenmu da tuwon acca.

Da muka ambaci Faith, bari mu amsa wa iyaye mata abin da sukan faɗa a ɓoye, wai gudu yana hana 'ya mace haihuwa. Faith ta ci zinariyar Olamfik a mita 1,500 a 2016, ta haifi 'yarta a 2018, ta komo ta sāke ci a 2021 da 2024. Derartu Tulu ta haihu a 1998, ta sāke cin zinariya a 2000. Abin da ya kamata uwa ta lura da shi shi ne in yarinya tana gudu da yawa ba ta cin abinci isasshe, tana ramewa, al'adarta ta ɗauke. Wannan alama ce a rage gudu a ƙara abinci a ga likita. 'Yan mata su fita tare, da malama ko wata babbar mace a bayansu, da suturar da su da iyayensu suka yarda da ita.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya cire ɗansa daga aji ya ce ya sami sana'a. A Iten, bayan kowane zakara akwai ɗaruruwa da suka yi shekaru suna gudu ba su sami ko kuɗin mota ba. Kuɗi ya jawo shan ƙwayoyin ƙara kuzari, har aka dakatar da Jemima Sumgong a 2017, shekara guda bayan ta ci zinariyar Olamfik. A garin nan ne kuma aka tarar da gawar Agnes Tirop a gidanta a watan Oktoba 2021, tana da shekara 25, aka kama mijinta. Yaran St. Patrick da muka ambata ɗalibai ne tukuna, da yawansu gudu ya kai su jami'a a Amurka, takardarsu ce kuwa ta sa aka karɓe su. A wurinmu in aka sami zakara ɗaya cikin dubu, madalla. Sauran za su sami huhu mai kyau da barci mai daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro yana bukatar motsa jiki na awa guda kowace rana, babba kuwa aƙalla minti 150 a mako, ga shi yanzu har a ƙauye ɗan acaɓa ne yake kai yaro makarantar da ubansa ya je da ƙafa.

Lokacin da ya fi dacewa da gasar makaranta shi ne bayan kaka, wajen ƙarshen Nuwamba. An kwashe amfanin gona, rafuka sun janye, ciyawa ta kwanta, hazo bai yi kauri ba tukuna. Ana gobe a bi hanyar a share ƙaya, a ɗaura jan ƙyalle a kowace mararraba. Ran gasa a tsai da babban ɗalibi a kowace kwana, a ajiye bokitin ruwa mai tsabta da moɗa a bisa babban hawan da kuma wurin ƙarewa. A rubuta sunan kowane yaro kafin a tashi. A ba da maki gida gida, ana ƙidaya mutum shida na fari daga kowane gida, domin na ashirin ma ya san matsayinsa yana da amfani ya yi ta ƙoƙarin wuce na gabansa. Malami ɗaya ya hau keke ya bi bayan na ƙarshe duka, da ruwa da bandeji a kwando. Ba a rufe littafin sunaye sai mai keken nan ya shigo, an kuma ga lissafin waɗanda suka komo ya yi daidai da na waɗanda suka fita.